Hantar Beguwa

Mutumin da muka tashi unguwa ɗaya da shi, wanda uwata ta sha zuba mana tuwo a kwano ɗaya, shi ne ya sa na ci amanar mutanen da suka ɗauke ni ɗa, ban sani ba. Ya tura ni gaba na ci naman alkawari, shi ya tsaya baya da kifin gwangwaninsa, sannan ya bi sawuna ya miƙa dutsensu ga masu fasa tsakuwa. Shi ya samu gida da mota da sunan Alhaji. Ni aka kora. Abin da aka yi mini ke nan, ba kwana-kwana. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don ina tsoronsa ba, sai don 'ya'yansa ba su yi mini komai ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Ina aji biyu na sakandare mahaifina ya rasu, shi ke nan na ajiye littafi. Lokacin da aka fara kwaso gwamnati daga Ikko za a kawo ta Abuja, duk saurayin da ke da hannu biyu a garinmu ya ƙulle kayansa ya shiga mota, ni ma na shiga. Abujar da na tarar ba ta yanzu ba ce. Jar ƙasa ce da katafila, an tsaga daji ta ko'ina, gini na tsirowa a inda jiya gonar doya ce. Na yi leburanci, ɗaukar kwanon kankare a ka daga safe har yamma, mu kwana a Nyanya cikin ɗakin langa-langa, ba ka miƙe ƙafa sai ka taka wani.

Shi mutumin nawa ya riga ni zuwa, da takardar difloma, yana aiki a wani ofis da ke hulɗa da 'yan kwangila. Wata ranar Lahadi ya same ni a tashar Nyanya ina shan koko.

Ya ce, "Kai, har yanzu kwanon kankare kake ɗauka? Dubi wuyanka, ya shige cikin kafaɗa."

Na ce, "To me zan ɗauka, biro?"

Ya yi dariya ya ja benci ya zauna. Ya ce sun kafa ƙungiyar samari ta aikin sa kai, za su haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da kurkunu ya addaba. Babu albashi, amma akwai abinci, akwai lada, kuma wanda aka ga ƙoƙarinsa za a tuna da shi in an zo ɗaukar ma'aikata. Wannan na ƙarshen ne ya ja ni. Na ajiye kwanon kankare na bi shi.

Ƙauyen da aka kai mu, mota ba ta isa. Sai ta sauke ka a bakin rafi, ka tattare wando ka haye, ka yi ta tafiya har ka soma zargin ka ɓata, sannan ka hango dutsen. Baƙin dutse ne babba, ƙauyen na manne a gindinsa. Mutanen Gbagyi ne, manoman doya, matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. A gida ɗaya za ka ga mai salla, da mai zuwa coci, da tsohon da ke zuba wa kakanni giya a gindin itace, kuma duk tukunya ɗaya suke ci. Ruwan shansu na kududdufi ne. Da damina rabin ƙauyen na kwance, farar tsutsa kamar zare tana fita daga ƙafar mutum, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, gona tana can ciyawa na cinye ta.

Mun je da ɗan yawa. Shi mutumin nawa shi ne shugaba, amma ba ya kwana. Ya kawo mu, ya yi jawabi, ya koma gari, sai jefi-jefi yake leƙowa a motar aro. Da buhun shinkafar da aka ba mu ya ƙare, samari suka fara zamewa. Wannan ya ce uwarsa ba lafiya, wancan ya ce zai je ya dawo. Na waiwaya na ga ni kaɗai na rage da diga da shebur da samarin ƙauyen. Ban tsaya don na fi su imani ba. Ba ni da wurin komawa ne sai kwanon kankare.

A nan sarkin baka ya shigo rayuwata, wato shugaban maharban ƙauyen. Tsoho ne gajere, busasshe, ido ɗaya ya yi fari, amma ɗayan yana hango rema a kan dutse tun kai ba ka ga dutsen da kyau ba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace ya ce mata shi, namiji ya ce masa ita, amma ban taɓa kasa gane nufinsa ba. Ya lura kwana da kwanaki gasasshiyar doya kawai nake ci da gishiri. Rannan ya zo bakin ramin rijiya riƙe da wani abu ta wutsiya.

"Malam, kana ci nama?"

Na leƙo daga rami na ce, "Baba, wane irin nama ne wannan? Ai ɓera ne."

Ya ce, "Ɓera yana gidanku. Wannan gafiya ne. Gyaɗa yake ci da doya mai kyau. Ya fi ka cin abinci."

Samarin suka bushe da dariya. Na ce ni dai ba na cin abin da ba a yanka ba. Ya juya ya tafi. Washegari ya dawo da wata da rai, an ɗaure mata ƙafafu da igiyar rama, ya miƙo mini wuƙarsa ya ce, "To yanka, ka kira Allah naka." Na yi bisimilla na yanka. Aka babbake ta, aka dafa da daddawa da barkono, aka kawo da sakwara. Loma ta farko na rufe ido. Ta biyu na buɗe. Kamar naman zabo ne da ɗan ƙamshin ƙasa. Na suɗe kwanon tas, matan gidan tsohon na leƙe ta bayan zana suna ƙyalƙyata dariya.

Daga nan duk abin da tarko ya kama da rai, ni ake kira in yanka. Na ci gyazbi mai kitse, wanda har yau ban ci naman da ya kai shi ba. Na ci damo, namansa fari kamar na kaza, wutsiyar ta fi daɗi. Na ci rema, mai ɗan ɗaci saboda ganyen da take ci. Bushiya kuwa laka ake shafe ta da ita a jefa a wuta, in lakar ta bushe a fasa, ƙayar ta tafi da ita, naman ya fito sumul. Jemage sau ɗaya na gwada na ce a kai kasuwa. Biri ne kawai na ƙi. Na ga hannun a cikin tukunya da 'yan yatsunsa da farce, na tashi na bar wurin, tsohon ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar da ba a haƙa, nakan bi su farauta. Ban iya harbi ba, ni ne mai gora da ɗaukar nama. Wuyana ya fito daga kafaɗa, na yi ƙiba, na fara tsintar yarensu.

Duk zuwan da mutumin nawa zai yi, sai an kawo masa kwano, don mutanen ba sa barin baƙo haka nan. Bai taɓa sa hannu ba. Sai ya ciro kifin gwangwani da burodi daga jaka ya ce cikinsa ba ya ɗaukar abincin ƙauye. In mun keɓe ya ce mini, "Kai dai Allah ya shirye ka, ka zo aikin lada ka koma cin ƙadangare." Ni kuwa ina ganin tsantseni ne irin na masu ilimi, har ina jin kunyar kaina a gabansa.

Rijiya ta ƙi. Duk inda muka haƙa, kafin mu kai ruwa sai diga ta daki dutse ta yi tsalle. Muka canja wuri, haka. Muka sake canjawa, haka. Wata rana muna zaune a inuwar ɗorawa, ni da tsohon da mutumin nawa, ina ƙorafi, sai tsohon ya ce ai akwai ruwa a kan dutsen, idon ruwa ne da ba ya ƙafewa ko da rani, ba tsutsa a cikinsa. Na ga mutumin nawa ya gyara zama. Ya ce to me ya hana a hau a gani?

Tsohon ya ce ba a hawa. Can kakanninsu ke kwance. Maharba kaɗai ke hawa, su ma ba kullum ba. Baƙo kuwa ba ya taka wurin sai in sarkin baka ya sa masa hantar beguwa a baki da hannunsa. Wanda ya ci ya zama ɗan dutse, zai hau, kuma zai iya hawa da wanda ya ga dama. Amma duk abin da wanda ya kawo ya aikata, a wuyan wanda ya ci yake.

Mutumin nawa ya ce, "Baba, tsaya in gane. Ko da wanda aka kai ɗin ya yi ɓarna, ba a tambayarsa?"

"Ba a tambaya shi. Shi bai ci ba."

"Ko kaɗan?"

Tsohon ya ce, "In karenka ya shiga gonana, wurinka zan zo. Me zan faɗa wa kare?"

Muka yi dariya mu duka. Da na raka mutumin nawa bakin rafi inda ya bar mota, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ci hantar nan mana. In muka jawo ruwan can da bututu, an gama da kurkunu a garin nan, kuma sunanka za a kira."

Na ce, "Ai kai ne shugaba, kai ya kamata ka ci."

Ya ce, "Ka san cikina. Kuma ka san ni da abin da ke da shubuha. Kai da ka ci ɓera, hanta ce za ta gagare ka?"

Na koma na gaya wa tsohon ina so. Bai amsa da wuri ba, sai da ya shawarci sauran maharba. Sannan ya ce beguwar sai wadda hannuna ya taɓa. Akwai wata da ta addabi gonakin doyar gindin dutse, sun san raminta. Muka tafi da hantsi da karnuka. Ramin beguwa ƙofofi gare shi da yawa, aka toshe su da duwatsu aka bar biyu. A ɗaya aka cusa busasshiyar ciyawa da barkono aka kunna, ana fifita hayaƙin ciki da faifai. A ɗayar aka tsayar da ni da gora. Tsohon ya ce in ta fito kada in tsaya bayanta, da baya take faɗa, kai zan nema.

Na daɗe a tsaye, hayaƙin barkono na sa ni hawaye. Can na ji kacau-kacau daga cikin ƙasa, ƙayoyinta ne take kaɗawa. Ta fito a guje, ta kumbura ta ninka girmanta, baƙi da fari. Wani kare ya yi wauta ya bi ta, ta ja birki ta koma da baya, sai ga shi yana ihu da ƙaya cike da hanci. Na daka mata gora na kuskure, na sake na samu kai. Kafin ta mutu tsohon ya danne ta da itace mai baki biyu ya miƙo mini wuƙa, na yanka.

A nan wurin ya farke cikin ya ciro hantar. Ya zare ƙaya ɗaya doguwa daga bayanta, ya tsire hantar da ita, ya gasa a sauran wutar ciyawar. Maharban suka kewaye mu. Tsohon ya yi wasu kalmomi da yarensu yana fuskantar dutsen, ya gutsuro da yatsunsa ya sa mini a baki. Ɗaci gare ta, don saiwa da ɓawon itace beguwa ke ci, kuma tsakiyar ba ta gasu ba. Na haɗiye. Ya ce da Hausa, "Yanzu dutse ta san ka, ɗana." Tun da mahaifina ya rasu ba wanda ya kira ni haka.

Ranar muka hau. Na ga idon ruwan yana fita daga tsagar dutse, sanyi har haƙori. Na ga kushewun kakanninsu, tarin duwatsu da fasassun tukwane a kai. Daga can sama ana hango inda ake gina sabon birnin, jajayen hanyoyi da ƙarafan ɗaga kaya, ƙanana kamar wasan yara. Da muka sauko tsohon ya kai ni bakin rafi ya nuna mini fili daga wata kanya zuwa wani suri, ya ce nawa ne, ɗan dutse ba ya zama ba gona. Samari suka taya ni na yi kunyoyin doya, aka ba ni iri, muka ɗora ɗaki na laka kusa da gidan tsohon. Wanda aka haifa da gonar gado ba zai gane ba. Ni a duniya ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa sai wannan, kuma na riga na yanke a raina a nan zan zauna, gwamnati ta ɗauki ma'aikatanta ta bar ni.

Ba a daɗe ba mutumin nawa ya dawo da wasu mutane masu hular kwano, da na'urar awo mai ƙafa uku da ƙananan guduma. Ya ce injiniyoyin ruwa ne, za su auna hanyar bututu. Na shige gaba. A bakin hanyar hawa muka tarar da tsohon zaune a kan dutse, kwari da baka a cinyarsa. Ya dube su ɗaya-ɗaya da idonsa mai gani.

"Ɗana, waɗannan naka ne?"

Na waiwaya. Mutumin nawa ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi. Na ce, "Nawa ne, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya janye ƙafarsa muka wuce.

A sama, ruwan da aka ce shi suka zo gani, sha kawai suka yi suka wanke fuska. Yinin ranar a ƙwanƙwasar dutse suka ƙare shi, su ɓantari nan su ɓantari can su sa a jaka, suna kafa fegi suna shafa jan fenti. Na ji ɗaya ya ce da Turanci dutsen mai kyau ne, zai daɗe bai ƙare ba. Turancina na aji biyu ya kai ya gane wannan. Na ja mutumin nawa gefe na tambaye shi. Ya ce, "Haba, bututu a kan iska za a ɗora shi? Ai dole a san ƙarfin dutsen." Kada wani ya ce mini wauta na yi. Mutumin da uwarka ta goya lokacin da tasa ke jinya, in ya gaya maka magana, yarda kake yi.

Damina ta sauka, doyata ta yi yaɗo ta kama sanda, bututu bai zo ba. Mutumin nawa ma bai sake zuwa ba. Mutane na tambayata, ina ce musu aikin hukuma sai haƙuri. Da ruwa ya ɗauke, abin da ya zo katafila ce. Ta cike rafin da ƙasa, ta tsaga hanya ta tsakiyar gonaki har gindin dutsen. Wani jami'i ya tara dattawa ya ce ƙasar yankin nan duk ta gwamnati ce yanzu, an ba wani kamfani dutsen don birni na bukatar tsakuwa, su kuma za a sake musu matsuguni. Ranar da aka fara sa nakiya, tukwane suka faɗo daga rataye, awaki suka tsinke igiya, rema na gangarowa cikin ƙauye da rana tsaka ba mai ko ɗaga gora. Idon ruwan ya yi fari kamar kunu, daga baya ya tsaya.

Cikin direbobin tifa akwai wanda na sani tun Nyanya. Na tare shi na tambaye shi wa ya kawo kamfanin nan. Ya ce, "Oga, kai za ka tambaye ni? Ai mutuminka ne. Ya bar ofis, yanzu da shi ake damawa a kamfanin. An ce shi ya samo musu wurin."

Aka kira ni gindin ɗorawa da la'asar, ƙauyen duka ya taru. Samari na huci, waɗanda muka haƙa rami tare. Na ce a saurare ni, ba ni ba ne, a bari in je in kawo wanda ya yi.

Tsohon ya ce, "Wa? Mai kifin gwangwani? Ba mu san shi ba. Bai ci komai namu ba."

Na ce, "Baba, yaudarata ya yi."

Ya ce, "Na tambaye ka a gindin dutse. Ka ce naka ne. Na ce duka, ka ce duka." Sannan ya ce, "Malam baƙo, ba wanda zai taɓa ka. Gona ya koma wurin masu shi."

Malam baƙo. Da dukana suka yi da ya fi mini sauƙi. Da aka sauke tuwon yamma, matar tsohon ta zuba nawa a kwano daban ta ajiye a ƙofar gida, inda ake ajiye wa matafiyi. Ta kasa dubana. Ban ci ba. Da safe na ɗauki jakata na bi hanyar da katafila ta tsaga, tifofi na wuce ni da dutsen a baya. Doyata na cikin ƙasa, ban san wanda ya haƙe ta ba.

Na nemi mutumin nawa. A ofis aka ce ya bar aiki. A kamfanin mai gadi ya ce oga ba ya ganin kowa sai da izini. Sau ɗaya na hango shi a mota, shi ma ya gan ni, ya ɗaga gilashi. Na koma kwanon kankare, kuma na san tsakuwar da nake ɗauka a ka daga inda ta fito. Daga baya na koyi aikin famfo, na yi aure, na haihu, har yau haya nake a Nyanya. Ba wanda ya tuna da ni da aka zo ɗaukar ma'aikata, kuma ba wannan ne ke cina ba.

Bayan shekaru wata mai sayar da doya ta gaya mini tsohon ya mutu. Na je sabon matsugunin nasu, gidajen bulo a jere cikin fili fetal, ba dutse ba daji, ba abin da maharbi zai yi sai zama. Babban ɗansa ya fito, wanda muka sha raba cinyar gyazbi da shi. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa a kofi mai kyau, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Malam daga ina?" Ya san ni sarai. Na yi gaisuwa na sha ruwan na tashi. Ban tambayi inda kabarin yake ba, na san ba za a nuna mini ba.

Sai bara Allah ya haɗa mu da mutumin nawa. Wani dattijo ɗan garinmu ya rasu a Gwarinpa, na je ta'aziyya. Muna zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa sai ga shi ya sauko daga mota, babbar riga, tumbi, carbi a hannu, ana ta Alhaji sannu da zuwa. Ya zauna, aka yi addu'a aka shafa, ya juyo ya gan ni. Wallahi ko gezau bai yi ba.

"A'a! Wa nake gani haka? Mutumina!" Ya dubi na kusa da shi ya ce, "Kun ga wannan? Tare muka yi aikin sa kai a ƙauye, tun Abuja na daji. Ba abin da bawan Allahn nan bai ci ba. Ɓera, ƙadangare, har beguwa. Ni dai Allah ya tsare ni."

Wasu suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wurin makoki. Gidan mutuwa ne, masu shi ba su yi mini laifi ba. Na jira har ya yi sallama ya tashi, na bi shi. Direbansa ya buɗe masa ƙofa, na sa hannu na rufe ta. Ya ce, "Lafiya? Ka zo ofis mana mu gaisa sosai, in akwai wata matsala a duba."

Na ce, "Ba na zuwa ofishinka, a nan za ka ji. Kada ka ƙara cewa Allah ne ya tsare ka, kai ka tsare kanka. Kana zaune a gindin ɗorawa tsohon nan ya faɗi hukuncin wanda ya ci da wanda bai ci ba, har ka sake tambaya don ka tabbatar. Ba cikinka ba ne, ba kuma addini ba ne. Wuyan da za ka rataya wa abin kake nema, ka duba duk Abuja ba ka ga na banza ba sai nawa. Mutanen nan har yau ba su da ruwan da ka ce za ka jawo musu. An fasa kushewun iyayensu an zuba a kankare, tsohon ya mutu yana ce mini baƙo, kai kuma ka samu labarin ba mutane dariya a wurin ta'aziyya. To ka ji da kyau. Ban yafe ba, kuma kada ka turo mini malami ko dattijo ya ba ni haƙuri. In na riga ka mutuwa, kada ka zo ka zauna a tabarmata. Na gaya wa matata, na gaya wa 'ya'yana, sun san fuskarka, za su tashe ka a gaban mutane."